Kukis ɗin Ube Mai Moci a Ciki: Tambayoyi da Amsoshi

Kukis ne mai launin shunayya, gefensa da ɗan ƙarfi, tsakiyarsa laushi. Idan aka raba shi biyu yana da ɗumi, sai wani farin danƙo ya miƙe tsakanin ɓarin biyu ya ƙi tsinkewa. Danƙon shi ne moci, abincin Japanawa. Launin na ube ne, doyar mutanen Filifin. Jikin kukis ɗin kuwa irin na Amurka ne mai taushi, ba busasshen biskit na tsoma wa a shayi ba. Gidajen gashi na 'yan asalin Asiya mazauna Amurka sun taimaka ƙwarai wajen yaɗa irin wannan haɗin, hotunan Instagram da TikTok suka ƙarasa aikin. Ga tambayoyin da mai gwadawa ke cin karo da su, tun daga sayen kaya har zuwa washegarin gashi.

Wai mece ce ube? Dankali ce ko gwaza?

Ba ko ɗaya. Doya ce ta gaske, masana tsirrai na kiranta Dioscorea alata. Bawonta kaushi ne mai ruwan ƙasa, cikinta shunayya, wata ta yi duhu sosai, wata da ratsin fari. Ɗanɗanonta ba mai ƙarfi ba ne: ɗan zaƙi kaɗan, da ƙamshi mai sanyi da ke karkata wajen na banila.

Dankali mai shunayya, irin wanda tsibirin Okinawa na Japan ya yi suna da shi, dangin dankalin Hausa ne, kuma ya fi ube zaƙi da gari. Gwaza kuwa cikinta fari ne ko toka-toka mai ɗige-ɗige.

A Filifin ube ba sabon yayi ba ce. Da ita ake yin halaya, wato dafaffiyar ube da aka tuƙa da madara da sukari har ta yi kauri. Ana sa ta a askirim, a burodi, da saman halo-halo, haɗin ƙanƙara da madara da suke sha lokacin zafi. Lardin Bohol na alfahari da wani iri mai ƙamshi da ake kira kinampay, har bikin ube suke yi duk shekara.

Na ji an ce muna da irinta a Najeriya. Gaskiya ne?

Gaskiya ne. Doyar nan mai ruwa da yauƙi da Yarbawa ke kira ewura, wadda ake soya ojojo da ita, mutanen Ijebu kuma su yi ikokore, ita ma Dioscorea alata ce. Jinsi ɗaya ne, iri ne ya bambanta. Tamu yawanci fara ce a ciki, wani lokaci da ɗan shunayya-shunayya a ƙarƙashin bawo. Idan kika dafa ta kika yi halaya da ita, jikin kwaɓin zai zo daidai da na ube, amma launi da yawancin ƙamshin sai dai su fito daga filebo.

Kada wannan ya dame ki. A 2019 matan zuhudu na gidan Good Shepherd da ke birnin Baguio, waɗanda halayarsu ta fi kowace suna a Filifin, sun sanar cewa ube mai shunayya ta yi musu ƙaranci, suka fito da farar halaya daga farar ube. Idan su sun yi, babu abin kunya.

Shi kuma mocin fa?

Asalinsa shinkafa ce mai danƙo da ake jiƙawa, a turara, a zuba a turmi, mutum ɗaya na daka, wani na juya ta da jiƙaƙƙen hannu tsakanin bugu da bugu, har ƙwayoyin su ɓace ta zama dunƙule guda mai miƙewa. Abincin sabuwar shekara ne a Japan. Amma wanda ake sa wa cikin kukis ba na daka ba ne. Da garin shinkafar ake yin sa, a haɗa da sukari da madara da ɗan mai a dafa. Ya fi kusa da abin da masu kayan zaƙin Japan ke kira gyuhi, wanda sukarin da ke cikinsa ke hana shi saurin taurarewa.

Ina da shinkafar tuwo mai laushi. In niƙa ta zai yi?

Ba zai yi ba, kuma a nan ne mafi yawan masu gwadawa ke asarar kaya. Duk sauran abubuwan da ke cikin kukis ɗin nan ana iya yi musu dabara, ban da wannan garin.

Sitacin shinkafa iri biyu ne. Akwai amilos, wanda zarensa miƙaƙƙe ne. Idan ya dahu ya huce sai zaruruwan su jeru su manne, abin ya daskare ya zama mai yankuwa. Akwai amilofektin, mai rassa da yawa, wanda ke riƙe ruwa ya ba da danƙo da miƙewa. Shinkafar da muka saba ci, har da ta tuwo, tana da amilos wajen kashi 20 cikin 100, wata sama wata ƙasa. Shinkafa mai danƙo ta Asiya kusan babu amilos a cikinta sam. Shi ya sa komai laushin shinkafar tuwo, idan kika dafa garinta kika ja, gutsurewa zai yi. A cikin kukis kuma zai zama wani farin dunƙule maras armashi da ake cirewa a ajiye gefe.

Idan garin ya gagara samuwa, mafi kusa shi ne sitacin rogo, irin wanda ake yin ƙwallayen boba da shi, waɗanda ake zubawa a shayin madara na Asiya. Yana da danƙo, amma nasa mai santsi ne kamar roba, yana yin garai-garai idan ya dahu, kuma ya fi saurin tauri bayan ya huce. Za a ci da daɗi a ranar da aka gasa. Moci dai ba zai zama ba, don haka mai sayarwa kada ta kira shi da sunan.

Yaya zan gane garin gaskiya a kanti?

Sai a kantunan da ke kawo kayan abincin Asiya, ko ta intanet. Na Japan iri biyu ne: mochiko, gari mai laushi da ake niƙawa a bushe, da shiratamako, wanda ake niƙawa da ruwa a busar, ya zo gudaji-gudaji, ya fi tsada, mocinsa kuma ya fi santsi. Na Tailan ya fi araha da sauƙin samu. Kamfanin Erawan mai tambarin giwa mai kai uku yana da leda kala-kala: mai koren rubutu shi ne na shinkafa mai danƙo, mai jan rubutu garin shinkafa ne na yau da kullum. Ledojin kusan iri ɗaya ne, a jere ake ajiye su, ki duba da kyau kafin ki biya.

Ube ɗin a wace siffa zan saya?

Ɗanya ba ta cika fita daga ƙasashen da ake nomanta ba. Abin da aka fi samu shi ne gogaggiya daskararriya a firiza, ko garinta, ko halaya ta kwalba, ko filebo.

Ni a ganina halaya da ɗan filebo ne haɗin da ya fi dacewa da kukis: halaya ta ba da laima da jiki, filebo ya ɗaga launi da ƙamshi. Garin ube sai an jiƙa shi da ruwan zafi an dafa ya kumbura tukuna. Idan aka zuba shi a bushe cikin fulawa zai tsotse ruwan kwaɓin, a ji shi yana ƙas-ƙas a haƙori. Ki kuma karanta jikin leda, don ana sayar da garin dankali mai shunayya da sunan ube. Filebo zalla ma yana yi, da shi yawancin masu sayarwa ke aiki, sai dai abin da ake ci a lokacin kukis ɗin bota ne da aka rina.

Zan iya yin halayar da kaina?

Sosai ma. Ki dafa doyar da bawonta har ta yi laushi, ki fere, ki goge ko ki markaɗa. Idan ɗanya za ki fere, ki shafa mai a hannu, don tana ƙaiƙayi irin na kowace doya, kuma ba a cin ta ɗanya. Ga giram 500 na dafaffiyar doya, ki sa madarar kwakwa mililita 200, madarar gwangwani mai kauri da zaƙi giram 200, bota giram 50, da ɗan gishiri. A ƙaramar wuta za ki riƙa tuƙawa ba tsayawa, minti 30 zuwa 40. Da farko zai yi ta tafasa yana fantsamo zafi, ki yi hattara da hannunki. Idan kika ja muciya a tsakiya kika ga gindin tukunya ya daɗe bai rufe ba, kuma abin na ɓamɓarowa daga gefe yana bin muciya, ta yi. Halayar kukis gara ta fi ta ci da cokali kauri. Ta huce sarai kafin ta taɓa bota.

To yaya ake haɗa mocin?

Wannan awon na kukis 14 ne. Garin shinkafa mai danƙo giram 70, sitacin masara giram 15, sukari giram 35, madara ta ruwa ko ta kwakwa mililita 120, bota giram 15. Ki dama komai ban da botar har gudaji su ɓace. Ruwa-ruwa zai yi, haka ake so.

Idan turarawa za ki yi, ki juye a kwano mai faɗi, ki rufe bakinsa don kada ruwan murfi ya ɗiga ciki, ki ba shi kamar minti 20. A maikurowef kuwa minti ɗaya-ɗaya ake yi, ana fitarwa ana juyawa, sau uku ko makamancin haka. Alamar dahuwa ita ce farin madarar ya gushe, abin ya koma ɗan garai-garai, kuma idan kika tsaga tsakiya babu sauran ruwa.

Sai matakin da mutane ke tsallakewa. Tun yana da zafi ki jefa botar, ki juya da cokali. Zai rarrabu ya yi kamar ya lalace, ki ci gaba. Da ya huce yadda hannu zai iya, ki sa safar leda ko ki shafa mai, ki ja shi ki ninke, ki sake ja ki ninke, na minti 5 ko fiye. Za ki ga ya sha man, ya yi sheƙi, yana miƙewa tsawon kamu ba tare da ya tsinke ba. Wannan jan ne ke kawo miƙewar da ake gani a hoto. Ki raba shi 14, kowane giram 17 ko 18, ki rufe da leda kada iska ta busar da shi.

Me ya sa ba za a sa shi ɗanye ba, tunda oben zai shiga?

Minti 12 a cikin rigar kwaɓi ba su isa su dafa sitacin ba. Kukis zai gasu, cikinsa ya fito da ɗanɗanon ɗanyen gari.

Kwaɓin kukis ɗin fa?

Bota mai laushi giram 115, farin sukari giram 110, ƙwai 1, halaya giram 120, filebon ube ƙaramin cokali 1, fulawa giram 240, sitacin masara babban cokali 1, bekin foda ƙaramin cokali 1, gishiri rabin ƙaramin cokali.

Ki buga bota da sukari na minti 2, kada ki wuce haka. Ba kek ake yi ba, iska mai yawa tana sa kukis ya kumbura ya faɗi. Ki sa ƙwai, sai halaya da filebo. Ki tankaɗe busassun kayan tare, ki zuba, ki juya da cokali har farin fulawa ya ɓace, ki tsaya nan. Yawan murzawa na tayar da danƙon alkama, kukis ya yi tauri. Kwaɓin zai yi taushi yana kama hannu saboda halayar. Kada ki ƙara fulawa. Ki sa shi a firij na awa ɗaya.

Ki nemi sikeli. Kofin fulawa ɗaya na iya zama giram 120 a hannun wata, ya haura 150 a hannun wadda ke dannawa, kuma wannan bambancin ya isa ya mayar da kukis mai taushi ya zama ƙanƙararre.

Yaya ake naɗe mocin a ciki?

Ki ɗebi kwaɓi giram 45, ki mulmula, ki baje a tafin hannu, tsakiya da ɗan kauri. Ki ɗora moci bayan kin ɗan latsa shi ya yi faɗi, don idan ya shiga a dunƙule kukis ɗin zai fito da tozo, mai ci kuma ya sami danƙon a loma ɗaya kawai. Ki tattaro gefuna sama, ki matse bakin, ki sake mulmulawa har layin haɗin ya ɓace. Bakin ya kalli ƙasa a kan tire. Idan kwaɓin ya fara narkewa a hannunki, ki mayar firij na minti 15. Kafin gashi ma ki sake ba su minti 20 a sanyi.

Zafi nawa, minti nawa?

Digiri 175 a ma'aunin Salsiyas, minti 11 zuwa 13, a oben da ya riga ya yi zafi. Ki bar tazarar yatsu uku tsakanin kowane biyu.

Wahalar ita ce launin ba ya nuna gasuwa yadda farin kukis ke nunawa. Kada ki jira ya yi ja. Idan shunayya ta koma ruwan ƙasa a sama, ya wuce. Ki duba gefe: idan ya tsaya, saman ya daina ƙyalli, tsakiyar kuma har yanzu tana lotsawa idan an taɓa, ki fitar. Ki bar su a kan tiren na minti 10, zafinsa zai ƙarasa su. Idan kika ɗaga da wuri gindin zai rufta saboda nauyin mocin.

Ba ni da oben. Gashin tukunya zai yi?

Zai yi. Ki zuba yashi mai tsabta ko ƙananan duwatsu a gindin babbar tukunya, ki ɗora abin da zai ɗaga tire daga yashin, ki rufe ta yi zafi na minti 15 kafin kukis su shiga. Matsalar tukunya ita ce zafi daga ƙasa yake zuwa, gindi ya ƙone sama bai yi ba. Ki rage wutar ƙasa, ki sa ɗan garwashi a kan murfi, ki kuma ɗan latsa kukis ɗin su rage tudu. Zai ɗauki lokaci fiye da oben. Ki fara da guda biyu ki ga halin wutarki kafin ki zuba sauran.

Kwaɓina ya koma kore-kore. Ya lalace ne?

Bai lalace ba, ana ci. Bekin soda ce ta yi aikin. Launin ube daga wasu sinadarai ne da ake kira antosayanin, kuma suna canza kala gwargwadon abin da suka haɗu da shi: tsami na jan su wajen ja, abu mai kanwa-kanwa kuma na jan su wajen shuɗi da kore. Duk wadda ta taɓa jefa kanwa a zoɓo don kashe tsami ta ga jan ya dushe ya yi duhu ta riga ta ga wannan, don sinadaran iri ɗaya ne. Bekin soda ita ce kanwar a nan. Shi ya sa awon da na bayar bekin foda ne, wanda ke ɗauke da nasa tsamin a ciki. Idan dole sai da soda, ki rage ta zuwa kwata na ƙaramin cokali, ki ɗiga ruwan lemun tsami rabin cokali a kwaɓin.

Nawa bai yi launi kamar na hotuna ba.

Ba zai yi ba sai da filebo, don yawancin filebon ube da rini a cikinsa. Ube zalla, bayan ta haɗu da rawayar bota da ƙwai ta kuma sha wuta, shunayya ce mai dushi-dushi, wani lokaci har toka-toka. Sukari mai ruwan ƙasa ma yana ƙara dusar da ita, shi ya sa na zaɓi fari duk da cewa mai ruwan ƙasan ya fi ba kukis laima. Halaya ta riga ta ɗauke wannan aikin.

Shawarata ita ce kada ki bi launi ki ɓata ɗanɗano. Filebo ya wuce cokali ɗaya da rabi, sai ɗaci-ɗaci da warin turare su fito, harshen mai ci kuma ya rine. Rabin hasken da ke cikin hotunan nan ma daga waya yake.

Mocin ya fasa ya fito waje.

Ko dai bakin bai rufu ba, ko kwaɓin ya yi siriri a wani gefe, ko mocin ya yi yawa. Moci na kumbura idan ya ji zafi saboda tururin da ke cikinsa, zai nemi inda ya fi rauni ya ɓulle. Kada nauyinsa ya wuce kashi ɗaya cikin uku na dukan ƙwallon. Ɗan tsagewar da fari ke leƙowa ba aibi ba ne, wasu da gangan suke barin ta.

Sun baje sun zama fale-fale.

Bota ta narke kafin su shiga wuta, ko halayar ta yi ruwa, ko an jera su a tire mai zafi. A lokacin bazara, musamman idan wuta ba ta tsayawa, ki yi aikin da sassafe, ki ajiye kwaɓin a cikin kula mai ƙanƙara idan firij ya daina sanyi. Majarin na gashi ya fi bota jure zafi, amma ƙamshin ba ɗaya ba ne. Rabi da rabi sulhu ne mai kyau. Mai laushin nan na shafa wa burodi kada ki sa, ruwansa ya yi yawa.

Jiya lafiya lau, yau mocin ya yi tauri. Me ya faru?

Halin dafaffen sitaci ke nan. Idan ya huce, zaruruwansa na komawa su jeru a hankali suna matse ruwan da suka sha. A cikin kukis abin ya fi sauri, saboda jikin kukis ya fi mocin bushewa, yana ta jan ruwa daga gare shi. Shi ya sa a rana ta biyu za ki ga kukis ɗin ya ƙara laushi, mocin kuma ya ƙara ƙarfi.

Ba a hana wannan gaba ɗaya, jinkirta shi ake yi. Sukari na riƙe ruwa, don haka wadda ta rage sukarin moci don gudun zaƙi ta rage masa kwana. Idan zaƙi ne damuwarki, daga kwaɓin kukis za ki rage. Musanya cokali ɗaya na sukarin da zuma ko ruwan gulukos na ƙara taimakawa. Mai ma haka, da kuma jan nan da ninkewa.

Babban mai taurar da shi kuwa firij ne. Sanyin firij shi ne daidai yanayin da sitaci ya fi saurin jeruwa. Firiza ba ta yin haka, don tana daskarar da ruwan kafin ya motsa. Wanda ya riga ya taurare, daƙiƙa 10 zuwa 15 a maikurowef ko minti 4 a oben mai matsakaicin zafi zai dawo da shi. A ci nan take, don idan ya sake hucewa ya fi na farko tauri.

To yaya zan ajiye su, musamman idan na sayarwa ne?

A mazubi mai murfi, a inuwa, kwana biyu. Ba biskit ba ne da zai yi mako a kwalba: cikinsa da laima da madara, a zafi da damina zai iya yin tsami ko fumfuna.

Ga mai sana'a, dabarar ita ce a daskarar da su ɗanye. Ki naɗe, ki jera a tire a firiza har su ƙanƙare, ki juye a leda mai zif. Za su yi wata guda. Idan oda ta zo ki gasa kai tsaye daga firiza, ki ƙara minti 2 ko 3. Ki gaya wa mai saye ya ci a ranar ko washegari, ki kuma rubuta masa yadda zai ɗumama. Aika su gari mai nisa a mota kuwa neman ɓacin suna ne.

Akwai abin dubawa ta fuskar halal?

Shinkafa, doya, fulawa da madara babu magana. Filebo ne abin karantawa, don wasu da barasa ake narkar da ƙamshinsu. Banila ta ainihi a Amurka, bisa ƙa'idar hukumar abinci ta ƙasar, sai ta ƙunshi aƙalla kashi 35 cikin 100 na barasa kafin a kira ta da sunan. Filebon ube da dama ba da barasa ake yin su ba, amma kamfani ya bambanta da kamfani. Ki duba jerin kayan da ke jikin kwalba da tambarin halal. Na Indonesiya da Malesiya galibi suna ɗauke da shi.

Wanda alkama ke ba shi matsala zai iya ci?

Mocin kansa babu sinadarin gulutin, wato danƙon alkama, a ciki, garinsa na shinkafa ne da sitacin masara. Jikin kukis ɗin ne fulawar alkama, don haka a yadda aka bayar da awon nan bai dace da shi ba.

Zan iya ƙara wani abu a ciki?

Farin cakulan da gogaggiyar kwakwa su ne suka fi tafiya da ube. Baƙin cakulan yana danne ta gaba ɗaya. Wasu na mulmula ƙwallon a garin sukari kafin gashi ya fito da tsage-tsage fari da shunayya, salon da 'yan Filifin ke so ƙwarai. Duk abin da za ki ƙara, kada ya wuce giram 80 a wannan awon, in ba haka ba kwaɓin ba zai rufe mocin ba.

Yara da tsofaffi za su iya ci?

Da kulawa. Moci na maƙalewa a maƙogwaro, kuma ba ya narkewa da yawu da sauri. A Japan duk ƙarshen shekara hukumar kashe gobara ta Tokyo, wadda ke kula da motocin ɗaukar marasa lafiya, na gargaɗin jama'a a kansa, kuma kusan kowace sabuwar shekara ana samun waɗanda ya shaƙe har lahira, yawancinsu tsofaffi. Na cikin kukis ƙarami ne kuma ya fi na daka laushi, amma danƙon na nan. Kada a ba yaron da bai iya tauna sosai ba. Ga tsoho ko mai wahalar haɗiya, a yanka ƙanana da wuƙa, ya jiƙa maƙoshi da shayi ko ruwa tukuna, ya ci a zaune, kuma da wani a kusa.